Kafin ka saya wa yaro kyamara, ka dubi igiyar da za ta riƙe ta

Ɗaukar hoto ta zama sana'ar da samari da ƴan mata da dama ke ci da ita a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Ba a bikin aure ko suna ko saukar karatu sai da mai hoto. Shi ya sa za ka ga uba ya sayar da rago, ko uwa ta kwashi adashenta, an haɗa jikkuna masu yawa an saya wa yaro kyamara, sau da yawa ma ta hannu. A wajen ciniki ana tambayar batir, ana tambayar katin ajiyar hotuna, ana duba gilashi ko ya karce. Igiyar da za a rataya duk wannan dukiya da ita kuwa ba mai kallonta. Ni a ganina wannan sakaci ne, kuma gyaransa yana hannun iyaye da malamai, don yaro mai ɗokin sabon kaya ba ya tunanin faɗuwa.

Mu fara da nauyi. Babbar kyamara irin Canon 5D Mark IV, da batir a cikinta, ta kusa giram 900. Dogon gilashin nan na 70-200 mai faɗin baki, wanda masu ɗaukar biki ke so don yana jawo fuska daga nesa, ya kai wajen kilo 1 da rabi. In aka ɗora fitilar walƙiya a sama, kaya sun doshi kilo 3. Malaman kimiyya za su iya ba ɗalibai wannan lissafi a aji: abin da ya suɓuce daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, da gudun wajen kilomita 16 a awa. Kafin hannu ya miƙa, an gama. In a kan siminti ne, gilashi ya tsage ko bakin da ke haɗa shi da kyamara ya karkace, kuma irin wannan gyara ba kowane gari ake samun mai yin sa ba.

Kilo 3 ba komai ba ne ga igiyar nailan mai kyau. Inda matsala take shi ne mahaɗa, wato wuraren da igiya ke kama ƙarfe. Akwai ɗan zoben da ke shiga kunnen kyamara, wanda yau da gobe yake buɗewa ko ya riƙa cin zaren da ke goga da shi. Akwai maƙalin roba da ake zura igiya a ciki. In ba a zura ta yadda ya dace ba, ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har ranar da za ta fita gaba ɗaya. Masu maratayin da ake ɗaurawa a gindin kyamara kuma, duk nauyin yana kan ƙusa mai murɗawa guda ɗaya ce, wadda ke shiga ramin da ake kafa kyamara kan sanda mai ƙafa uku, kuma irin wannan ƙusa tana kwancewa da kanta in kyamara tana lilo a kwiɓi. A ƙara da cewa nauyi mai fizga ya fi nauyi mai zama wuri ɗaya cin igiya. Yaron da ya hau kabu-kabu da kyamara a wuya, duk ramin da babur ya faɗa sai mahaɗan nan sun sha fizga. Haka in ya kutsa cikin taron hawan Salla a ƙofar fadar Damagaram, ko filin kokowa, inda kowa ke jan kowa.

Sai kuma yanayinmu. Hasken rana mai ƙarfi yana raunana nailan, yana sa roba ta bushe ta riƙa karyewa. Hunturu yana busar da fata har ta tsattsage. Ƙura tana shiga tsakanin zare da ƙarfe ta yi aikin magagari, gumi kuma yana sa ƙarfe mai arha tsatsa. Igiyar da ta yi shekaru a wuyan wani a Faransa kafin ta iso kasuwarmu ta riga ta ci rabin ranta, sauran rabin kuma zafin bazara zai ƙarasa shi da sauri.

Wani zai ce to a sayi mai tsada a huta. Gaskiya ne araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta ɗauke wa mutum dubawa. A shekarar 2018 kamfanin Peak Design na Amurka, wanda maratayansa ke cikin waɗanda aka fi yabo, ya nemi a daina amfani da wani samfurin ƴan igiyoyinsa na haɗi, saboda wasu sun cinye da wuri a kunnen kyamara, ya kuma musanya wa mutane da sababbi. Kamfanin yana saka wani launi dabam a cikin igiyar, don in ta fara cinyewa mai ita ya gani ya canja. Ke nan su kansu masu ƙerawa sun san igiya aba ce mai ƙarewa, idon mai kaya suka dogara da shi.

Wani kuma zai ce wadda ta zo da kyamara daga kamfani ta isa. Na yarda da rabin wannan magana. Igiyar kamfani ta asali tana da ƙarfi, kuma ga ƙaramar kyamara ba ta da laifi. Sai dai siririya ce, kuma a wuya ake rataya ta. Yaro ɗan shekara 16 ya yini daga ɗaurin aure har kai amarya da kilo 3 a bayan wuyansa, da dare sai ka ji yana kukan ciwon wuya da kafaɗa. Kakanninmu da suka rataya takobi da hamila sun san dalili: ta ratsa ƙirji daga kafaɗa zuwa kwiɓi, nauyi ya bazu. Maratayi mai faɗi da ake ratayawa haka shi ya dace da kaya masu nauyi. In kuma gilashi ya fi kyamarar nauyi, a ƙafar da ke jikin gilashin ya kamata a ɗaura maratayi, don kada bakin kyamara ya yini yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa.

Ba lalle sai an yi odar maratayi daga waje ba. Muna da dukawa da suka san fata, kuma fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushinta. Amma a faɗa wa baduku aikin da ake so. Fatar akuya ta dace da shafin ciki, inda ke taɓa jiki. Abin da zai ɗauki nauyi kuwa sai kirgi ko igiyar nailan mai kauri. Ɗinkin mahaɗa ya zama murabba'i da gicciye a tsakiya, da zare mai ƙarfi, zobe kuma ya zama wanda ba ya tsatsa. A kuma ƙara wata ƴar igiya ta biyu tsakanin kunnen kyamara da maratayi, don in ta farko ta saki, ta biyu ta tare. Kuɗin wannan duka bai kai abin da ake samu a biki ɗaya ba.

Abin da na fi so malamai su ɗauka shi ne ɗabi'a. A cibiyoyin koyon sana'a da makarantun da ke da kyamara guda ɗaya da ɗalibai ke karɓa bi da bi, darasin farko ya kamata ya zama yadda ake zura igiya da yadda ake duba ta, kafin a zo kan haske da nisa. Duk wanda zai karɓi kyamara ya ja kowane gefe da ƙarfi, ya murɗa ƙusa, ya dubi zare ko ya fara gashi, a gaban wanda ke ba shi. Bai fi minti 1 ba. Wannan yana kuma kashe rigima, domin kayan da ke yawo hannu da hannu ranar da suka faɗi akan ɗora wa yaron da tsautsayi ya faɗa kansa, alhali igiyar ta daɗe tana cinyewa a wuyan wasu. Ba adalci ba ne a sa iyayen yaro ɗaya biyan sakacin aji guda.

Iyaye kuma, in ɗanku zai je koyon aiki wajen maigidan da zai riƙa ba shi kayansa, ku zauna ku yi magana tun farko: wa ke duba maratayi, wa ke canja shi, wa zai biya in kaya sun faɗi. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da ba a faɗa ba. Duk matar da ke jan ruwa a rijiya takan shafa igiyarta kafin ta zura guga, don ta san in ta tsinke sai an nemo mai ƙugiya. Yaron da aka koya wa wannan a kan kyamara, gobe shi ne zai duba birki kafin ya ɗauki fasinja, ya duba tsani kafin ya hau.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa wa sana'ar ƴaƴanmu albarka.