Fagen Kimiyya: Yadda Aka Gyara Kwamfuta Tana Duniyar Mars



Idan waya ta daskare na daƙiƙa biyu, tsaki kawai muke ja. Kwamfutar da ke sarrafa na'urar binciken kimiyya ba ta da wannan gatan, domin amsar da ta makara ba ta da maraba da kuskure. Shi ya sa ake ɗora mata wata ƙaramar manhaja mai raba lokaci tsakanin ayyuka bisa matsayinsu, babba ya riga ƙarami.

Ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka a duniyar Mars ɗauke da irin wannan manhaja, mai suna VxWorks. Ba a jima ba sai kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana sake tashi, aikin tattara bayanai yana katsewa.

Me ya faru? Mu ɗauka muna makarantar kwana, guga ɗaya ne a bakin rijiya. Ɗan aji ɗaya ya ɗauka, shugaban ɗalibai yana jira. Kafin yaron ya gama, sai 'yan aji huɗu suka tare shi da aike, gugan na hannunsa. Ka ga sun shanya shugaban da ya fi su matsayi! A cikin kumbon, yaron shi ne aikin karɓar bayanan yanayi, shugaban shi ne aikin rarraba bayanai, 'yan aji huɗu kuma ayyuka ne masu matsakaicin matsayi. Da jiran ya wuce ƙa'ida, sai wani ɓangare mai gadin lokaci ya ɗauka komai ya lalace, ya sake tayar da kwamfutar.

Injiniyoyi ba su yi kame-kame ba. Suna da tagwayen kwamfutar a ɗakin gwaji, suka yi ta kunna ta har matsalar ta bayyana a gabansu. Maganin: duk wanda ke riƙe da guga a ara masa matsayin babban da ke jiransa, har ya gama. Suka gwada a nan ƙasa, sannan suka aika gyaran ta rediyo, ya ratsa miliyoyin kilomita, ya kuma yi aiki.

Tambayarmu ta wannan mako: da ba su bar ƙofar aika gyara ba tun kafin kumbon ya tashi, wa zai je Mars? Ku tattauna da malaminku na kwamfuta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.