Malamin Da Aka Tura Ƙaro Ilmi Kada Ya Kulle Kansa A Ɗaki

Duk sa'ad da aka tura ɗalibin koyon malanta ƙasar waje, gargaɗin da manya kan yi masa ɗaya ne: ya riƙe littafi, ya guji taro. Gargaɗin da dalilinsa, domin mun ga waɗanda gidajen rawa suka cinye wa guzuri, suka komo hannu rabbana. Amma a ganina an wuce gona da iri.

A dubi Malam Aminu Kano. A 1946 ya tafi Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga shi zuwa a 1945. Bai tsaya ga lacca kaɗai ba. Ya cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba, ya saurari muhawararsu, ya zauna da ɗaliban wasu ƙasashe. Da ya komo, da hannunsa aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948.

Ɗalibin da ya shekara daga ɗaki sai aji, ba ya ko cin abinci sai da ɗan garinsu, takardar shaida kurum zai kawo mana. Ita kuwa ko a Zariya ana samunta, ba sai gwamnati ta biya kuɗin jirgi ba.