Sufeto ya zo, ya tafi: sai me kuma?



Kwanakin baya mun je ɗaukar rahoto a wani ƙauye, sai muka tarar lakwal ɗin garin ta canza kama. An share fili fes, an yayyafa ruwa, an jera duwatsu kewaye da tuta, yara kowa da wankakkiyar riga. Muka tambayi wani dattijo ko biki ake. Ya ce a'a, sufeto ne zai zo. A ajin CE2 mun ji mushe yana maimaita darasi ɗaya tun safe, har ya zaɓi waɗanda za su ɗaga hannu. Baƙo ya iso, ya zauna a bayan aji, ya duba kayen shirin darasi da rajistar kiran suna, ya sa hannu, ya kama hanya. Bayan sati uku muka koma garin kan wata magana daban. Duwatsun tuta na nan yadda aka jera su. Amma da muka miƙa wa yara biyar littafin karatunsu, yarinya ɗaya ce kawai ta iya haɗa jimla.

Ba mu zo kama mushen nan da laifi ba, haka ma sufeto. Kowa cikinsu abin da ya tarar ana yi ya yi. Mu abin da muke gani shi ne, mun mai da zuwan sufeto ranar kwalliya, alhali ranar duba mara lafiya ce.

Iyayenmu mata sun fi kowa gane wannan magana. In kin kai yaro awo a likita, ana ɗaura masa ƴar igiyar nan a damtse. In ta nuna ja, ai ba rubutawa kawai ake a sallame ki ba. Ana ba ki abincin tamowa, a ce ki dawo sati mai zuwa a sake aunawa. Dawowar nan ita ce rabin magani. To me ya sa a lakwal ake auna yaranmu, a rubuta, shi ke nan sai baɗi?

Awo kam an sha yi mana. Binciken PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya nuna a 2014 cewa a Nijar, cikin yara goma da ke ƙare firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake nema ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa kusan uku cikin goma. An ci gaba, gaskiya ne, amma ga bakwai can a baya. A 2017, lokacin minista Dauda Mamadu Marte, an yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, dubbai suka faɗi. A 2024 kuma aka dawo da jarrabawar satifika, CFEPD, bayan kusan shekara goma da ajiye ta. Duk wannan awo ne. Jarrabawar watan Yuni tana faɗa mana wa ya iya, wa bai iya ba, a lokacin da gyara ya riga ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke iya ganin ciwon tun yaro na CI ko CP shi ne mai shiga aji a watan Nuwamba.

Abin takaicin shi ne ba tsari muka rasa ba. Akwai sufeto, akwai kwansaye mai ba malamai shawara, akwai direkta. Akwai CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa su koya wa juna. Akwai kwamitin iyaye da malamai, COGES, wanda yanzu ake kira CGDES. An fara ƙarfafa shi a jihar Tawa a 2004 da tallafin ƙasar Japan, jiharmu ta Damagaram ta biyo baya, a 2007 ya game ƙasa. Kowane yana nan da sunansa. Igiyar da za ta ɗaure su wuri ɗaya ce ta tsinke. Rahoton sufeto yana hawa sama, ya nufi Damagaram, ya nufi Yamai, amma ba ya saukowa wurin uban da ya sayar da rake ya sayi kaye da biro.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Kwansaye ɗaya, makarantu barkatai, hanya rairayi, moto ba mai. Malamin kwantaragi da kuɗin watansa suka makara, in ka ce ya zauna da yara bayan an tashi, sai ya dube ka. Ga azuzuwan zana, waɗanda sai an girbe hatsi an samu kara ake kafa su: an buɗe makarantu a Oktoba, su kuwa sai can baya, ruwan farko ya sauka kuma a watse. Ba mu manta gobarar 2021 ba, ta unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilu da ta Maraɗi a watan Nuwamba, inda yara da dama suka ƙone cikin irin waɗannan rumfuna. Mu nan kuma muna da namu tabon: a Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankinmu na Kance. Bencin da ya zama wayam a tsakiyar shekara ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Sufeto ba zai gina aji ba, ba zai tare hanyar Aljeriya ba. Amma shi ne idon gwamnati da ke shiga ƙauye, ya kamata ya ƙirga benci nawa ne babu masu shi, ya rubuta dalili.

Ga abin da muke roƙo, kuma yawancinsa ba ya cin ko jika ɗaya.

In an zo duba aji, baƙon ya zaɓi yara da kansa, har da na layin baya, ya ji karatunsu, ya ba su lissafi a allo. Kaye mai tsabta ba shi ne ilimi ba.

Kafin ya tafi ya bar abu biyu ko uku a rubuce, waɗanda malami zai iya gyarawa cikin wata biyu, ya kuma faɗi ranar dawowa. In mai ya hana shi, direkta ya sake gwada yaran, ya aika masa sakamako ta waya. Yau wane direkta ne ba shi da WhatsApp?

Abin da aka ga ya gagari malamai da yawa, shi za a kai zaman CAPED na gaba, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba.

A taron CGDES kuma a karanta wa iyaye sakamakon da Hausa, ba don a kunyata malami ba: ajinku kaza, yara kaza ne ke karatu, ga inda muke so mu kai kafin hutun gaba. Abin da ya fi ƙarfin gari, kamar aji da benci da ƙarin malami, a miƙa wa meri a rubuce, a riƙa bibiya.

Malamai, mun san tsoron mummunan maki ne ke sa a ɓoye yaran da ba su iya ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sufetoci kuma, in malami ya nuna maku rauninsa, ku kama masa, kada ku kama shi.

Mu iyaye ma da namu. Yau da dare, kira ɗanka ko ɗiyarka, ka ce ya karanta maka layi biyu. Ko ba ka yi lakwal ba, kunnenka zai bambance karatu da kame-kame. Gobe ka je ka tambayi direkta: yaushe sufeto ya zo, me ya ce a gyara, yaushe zai dawo?

Layinmu a buɗe yake a shirin gaba ga sufeto, da kwansaye, da malamai, da iyaye, kowa ya zo ya faɗi nasa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.