Matan da Suka Kori Shan Inna, Wa Ya San Sunansu?

Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. An yi jawabai, an yaba wa gwamnatoci da sarakuna da masu ba da tallafi, kuma sun cancanci yabon. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka dunƙule matan da suka ɗiga maganin da hannunsu cikin kalma guda, "ma'aikata", aka wuce.

Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san iyakar baƙo namiji zaure. Komai girman likita, in an ce ba shiga, nan zai tsaya. Dole aikin ya faɗo kan mata. Na sha ganinsu a layinmu tun da sassafe, da hijabi, akwatin sanyi rataye a kafaɗa. Ɗaya ta matse kumatun yaro ta ɗiga masa ɗigo biyu, ɗaya ta shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, sannan a yi alama da alli a jikin ƙofa, a nufi gida na gaba.

Ba ko'ina ake amsa sallamarsu ba. Tun 2003, da aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, zargin ya zauna a zukatan mutane. Wata uwar ta ɓoye 'ya'yanta a ƙuryar ɗaki. Wata ta leƙo ta ce, "Ku yi haƙuri, mai gida ya ce kar a ba su." Wani magidancin ya tare ƙofa: "Zazzaɓi na kashe mana yara ba ku kawo magani ba, sai wannan kullum?" Tambayarsa da gaskiya a ciki, amma ba wannan baiwar Allah ce ke da amsarta ba. Ita dai ta shanye zagin, gobe ta dawo da lallashi, wani lokaci tare da mai unguwa.

Sai ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kai hari wuraren rigakafi biyu a Kano, suka kashe mata tara. Allah ya jiƙansu. Shekarar da ta gabaci wannan, fiye da rabin yaran da cutar ta kama a duniya 'yan Najeriya ne. Da sauran matan sun ajiye akwatunansu, ba wanda zai ga laifinsu. Suka sake fita, kowacce ta san abin da ya sami 'yan uwanta. Tun bayan ɓullarta ta ƙarshe a Borno a 2016, ba a ƙara samun asalin cutar a ƙasar nan ba.

Har yau suna fita, domin wani nau'in ƙwayar na ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci. Ladan aikin kuwa ɗan alawus ne na kwanakin zagaye.

Ina roƙon gwamnatin Kano, da izinin iyalansu, ta rubuta sunayen matan nan tara a jikin wani asibiti, ta kuma ɗauki nauyin karatun 'ya'yan da suka bari. Waɗanda ke raye a ƙara musu alawus, a biya su ranar da suka gama zagaye. Wadda ta daɗe tana wannan aiki, in za a ɗauki ma'aikata a asibitin unguwa, a fara da ita.