Gyaran Tashoshin Apapa da Tin Can: A Fara Gwada Cunkoson a Kwamfuta

A shekarar 1975, ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti sun yi cirko-cirko a bakin tekun Legas, wasu na watanni suna jiran wurin sauke kaya, gwamnati kuma tana biyan kuɗin jinkiri a kan kowace rana. An yi odar simintin da ya ninka ƙarfin tashar Apapa sau da yawa, ba tare da wani ya zauna ya lissafa yadda za a sauke shi ba. Wannan rikici ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

Yanzu tashoshin biyu sun tsufa, kuma Ma'aikatar Harkokin Teku, wadda aka kafa a 2023, ta sa gaba wajen sake gina su da kuɗin da ya kai kusan dala biliyan 1. Babu mai musun cewa aikin ya zama dole. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne cewa gyaran kansa katsewa ce da muka shirya wa kanmu: duk matsayar jirgin da aka rufe domin aiki, jiragenta za su koma kan sauran. Wacce za a fara rufewa, na tsawon wane lokaci, a wane watan shekara? Irin wannan tambaya ce kwaikwayon kwamfuta ke amsawa tun kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Yadda abin yake ba shi da wuyar fahimta. Ana gina kwafin tashar a cikin kwamfuta: zuwan jirage, yawan injinan ɗaga kaya, faɗin filin ajiye kwantenoni, lokacin da binciken kwastam ke ɗauka, da yawan tirelolin da ke fita ta ƙofa a cikin awa. Ba a ba kowane mataki lokaci guda tsayayye, domin a zahiri jirgi yakan makara, inji yakan lalace. Sai a sa kwamfutar ta maimaita shekara guda ta aiki sau dubbai, a ga sakamakon da ya fi yawa da kuma mafi muni. Daga nan a rufe matsaya ɗaya, ko a ɗauke intanet ɗin kwastam na kwana uku, a duba inda kaya za su taru.

Amfaninsa ya samo asali ne daga wata ɗabi'ar layi da hankalin mutum ba ya saurin kamawa. A mafi sauƙin lissafin jiran layi, idan matsaya tana aiki da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, jirgi zai jira kimanin ninki 4 na lokacin sauke kayansa. A kashi 90 jiran ya zama ninki 9. A kashi 95 ya kai ninki 19. Ke nan jami'in da ke alfahari a rahotonsa cewa tasha tana aiki cike da ƙarfinta, labarin haɗari yake bayarwa bai sani ba. Haka ma farfaɗowa. Ɗauki misalin ƙofar da ke iya fitar da kwantena 100 a rana alhali 90 ke shigowa. Idan yajin aiki ya rufe ta kwana 3, kwantena 270 sun taru, kuma da rarar 10 kacal a rana, sai an yi kwana 27 kafin a share su. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da kayansa ke cikin wannan tari shi zai biya kuɗin ajiya, sannan ya ɗora wa mai saye.

Duniya ta sha ganin irin wannan a 'yan shekarun nan. Jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana 6 a watan Maris na 2021, jirage fiye da 400 suka taru. A 2017 harin kwamfuta ya tsayar da ayyukan kamfanin Maersk, wanda ya ce asararsa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. A watan Yulin 2021 wani harin ya gurgunta tashar Daban ta Afirka ta Kudu, ambaliya kuma ta sake dukan ta a Afrilun 2022. Babu kwamfutar da ta hango ranar da ɗayansu zai faru, kuma ba aikinta ba ne. Aikinta shi ne ta nuna wane tanadi ne zai rage kwanakin farfaɗowa, ko ma mene ne musabbabin katsewar.

A Legas matsalar takan ƙaura ne maimakon ta ƙare. Tsarin Eto na kiran tireloli ta intanet, wanda hukumar NPA ta fara a Fabrairun 2021, ya rage jerin gwanon motoci a titunan Apapa, amma motar da ba ta kan titi tana jira ne a wani gareji. Tashar Lekki ta fara aiki a 2023 da zurfin da manyan jirage ke buƙata, sai dai babu layin dogo da ya isa gare ta. Kwaikwayon da ya tsaya a katangar tasha zai ba da amsar ƙarya. Dole ne ya haɗa da titin Apapa zuwa Oshodi, da jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, da jiragen dakon kwantena ta lagon, da tashoshin Onne da Warri da Kalaba, har zuwa tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtuwa. A nan ne za a san ko waɗannan tashoshi za su iya ɗauke wani kaso na nauyin a lokacin gyara, ko kuwa suna ne kawai a takarda.

Babban cikas ba manhaja ba ce. Ana sayar da ita, kuma jami'o'inmu na da masu iya sarrafa ta. Cikas ɗin alƙaluma ne. Tun bayan miƙa matsayun ga kamfanoni a 2006, bayanan filin ajiya suna hannunsu, na bincike suna hannun kwastam, na motoci suna wani wurin dabam, kowa kuma yana riƙe da nasa tamkar gadon gida. Idan aka ciyar da kwamfuta da lokacin da doka ta tanada maimakon lokacin da kaya ke ɗauka a zahiri, tare da shingayen da ba sa cikin kowane kundi, hoton da za ta fitar zai yi kyau amma ba na Apapa ba ne.

Saboda haka akwai abin da mataimakin da ke shirya wa minista takarda zai iya nema ba tare da ya san lissafi ba. Ya tambaya ko an gwada kwaikwayon a kan wata shekara da ta wuce, ya kuma fitar da cunkoson da aka gani da ido. Ya nemi sakamako mafi muni, ba matsakaici kaɗai ba. Ya tabbatar cewa ba ɗan kwangilar da zai yi ginin ne ya yi gwajin ba, kuma kwafin zai zama mallakin NPA bayan masu ba da shawara sun tafi. Tsarin Kafa Ɗaya na shigo da kaya da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Afrilun 2024 zai iya tattara waɗannan alƙaluma wuri guda, muddin aka rubuta musayar bayanai a cikin sharuɗɗan kwangilar gyaran tun kafin a rufe matsaya ta farko.