Waiwaye: Kwalbar Leiden da Ɗan Maƙeri

A farkon shekarar 1746 wani malamin jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Pieter van Musschenbroek, ya aika wa masanin Faransa Réaumur wasiƙa cikin firgici. Ya riƙe kwalba mai ruwa a hannu ɗaya, an zura mata waya daga injin da ke tara caji ta hanyar goge gilashi, sai ya kai ɗaya hannun ya taɓa wayar. Abin da ya fizge shi ya sa ya zaci kwanansa ya ƙare, har ya rubuta cewa ko mulkin Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Watanni kaɗan kafin nan wani Bajamushe, Ewald von Kleist, ya gamu da irin wannan fizga.

Kwalbar nan ita ce kakar abin da masu gyaran lantarki ke kira kwandansa ko kafasita. Sirrinta abu uku ne: ɓangare biyu da wuta ke bi, sai abin da wuta ba ta bi a tsakaninsu. A Leiden ruwan ne ɓangaren ciki, tafin hannun malamin na waje, gilashi ya raba su. Caji iri ɗaya ya taru ciki, kishiyarsa ya taru waje, suna jan juna babu hanyar haɗuwa, sai da jikin mutum ya zame musu gada.

Da farko abin kallo aka mai da ita. A Faransa Jean-Antoine Nollet ya jera dogaran sarki 180 riƙe da hannun juna, ya sake musu cajin kwalbar, suka yi tsalle tare a gaban Sarki Louis na 15. Tambayar da ta fi muhimmanci kuwa ta daɗe ba amsa: ta yaya wannan caji ke jan wancan alhali ba su taɓa juna ba? Manyan masana lissafi na lokacin sun gamsu da cewa ƙarfin yana tsallake tazarar ne kawai. A 1785 Coulomb ya auna yadda yake raguwa da nisa, lissafi ya fito daidai, aka ga babu dalilin leƙa abin da ke tsakani.

A 1820 Hans Christian Oersted, a ƙasar Denmak, ya ga allurar kamfas ta kauce daga arewa lokacin da wuta ta bi wata waya kusa da ita. Abin mamakin shi ne allurar ba ta nufi wayar ba, ba ta kuma guje ta ba, gicciye ta yi.

Wanda ya zauna wa wannan al'amari shi ne Michael Faraday, kuma a kansa nake so mu daɗe. An haife shi a 1791, ɗan maƙeri ne matalauci, karatunsa na makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan ƙidaya ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗaurin littattafai a Landan, ya riƙa karanta abin da aka kawo ɗauri. A 1812 ya halarci laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuta duk abin da ya ji, ya ɗaure shi littafi ya aika masa. Shekarar da ta biyo baya Davy ya sa aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a cibiyar kimiyya ta Royal Institution.

Da yake zurfin lissafi ya fi ƙarfinsa, idonsa da hannunsa ya dogara da su. Duk wanda ya ɗora takarda kan maganaɗisu, ya barbaɗa garin ƙarfe, ya ɗan ƙwanƙwasa takardar da yatsa, zai ga ƙwayoyin sun miƙe sun jeru layi-layi, sun fito daga wannan baki sun lanƙwaso sun shiga wancan. An san haka tun kafin Faraday. Shi ne ya ce layukan nan ba ado ba ne, suna nuna wani abu na gaske da ya cika wurin da muke gani fanko. Abin da yau ake kira filin maganaɗisu ke nan, ɗan'uwansa kuma filin lantarki.

A ranar 29 ga Agusta 1831 ya naɗa waya biyu a gefe biyu na wani zoben ƙarfe, ɗaya ya haɗa da batir, ɗaya da ma'aunin wuta. Allurar ma'aunin ta zabura a lokacin da ya haɗa batirin, ta koma ta kwanta, ta sake zabura da ya cire. Wani zai ce gwajin bai yi ba, tun da wutar ba ta ɗore ba. Shi kuwa ya gane cewa canjin filin ne ke haifar da wuta. Injinan madatsar Kainji, da ƙaramin janaretan da ke bakin shagon aski, duk a kan wannan suke aiki. A 1837 ya koma kan kwandansa, ya riƙa sauya abin da ke tsakanin ɓangarorin biyu, yau iska, gobe gilashi ko farar wuta, ya ga yawan cajin da take riƙewa yana sauyawa. Ashe tsakanin da aka raina shi ne ma'ajiyar ƙarfin.

Masana da yawa sun karɓi gwaje-gwajensa suka yi watsi da layukansa. James Clerk Maxwell ne ya girmama su, ya zuba su cikin lissafi, a 1865 ya nuna cewa haske kansa igiyar waɗannan filaye ne biyu. Kafin 1890 Heinrich Hertz ya samar da irin igiyar a ɗakin gwajinsa a Jamus, daga nan hanyar rediyo ta buɗe.

Yanzu mu dawo gida. Kowa ya san fankar sama da ake kunnawa ta yi ta gunji ba ta juya ba, sai an sa sanda an tura mata fiffike. Mai gyara zai hau tebur, ya kwance murfi, ya ciro ɗan abin nan da bai fi babban yatsa biyu ba, a jikinsa an rubuta 2.5, ya ce, "Alhaji, kwandansa ce ta mutu." Gaskiyarsa. Fankar tana da naɗin waya biyu, kwandansar ce ke sa wutar ɗayan ta riga ta ɗayan kaɗan, sai filin maganaɗisun ya riƙa zagayawa yana jan injin. In ta mutu filin ya daina zagayawa, sai kai-komo a wuri ɗaya. Lambar 2.5 ɗin nan kuwa maikrofarad ce, ma'aunin da aka raɗa wa sunan Faraday.

Abin da ke damuna shi ne mun raba ilimin nan gida biyu. Yaron mai naɗin koyil a kasuwa yana taɓa filin maganaɗisu kullum, ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin abin da hannunsa ya ƙware a kai. Ɗalibin sakandare kuwa ya haddace dokar Faraday saboda jarrabawa, bai taɓa ganin allura ta motsa ba. A cikin yaran kasuwar nan akwai masu kaifin ido irin na ɗan maƙerin Landan, abin da suka rasa shi ne wanda zai buɗe musu ƙofa kamar yadda Davy ya yi.

Malam mai koyar da kimiyya, kar ka jira gwamnati ta gina ɗakin gwaji. Batirin tocila, guntun waya, kamfas irin na duba alƙibla, maganaɗisun tsohuwar lasifika da garin ƙarfe daga wurin mai walda sun isa a maimaita gwajin Oersted da layukan Faraday a kan teburin aji. Ka gayyaci mai gyaran fankar unguwarku ya zo da matacciyar fanka da yaransa, ya kwance ta gaban ɗalibai, kai kuma ka yi bayanin dalili.