Wanda ya miƙa wayarsa a zuba masa waƙa, me da me ya miƙa?

Tun shekara ta 2014, lokacin da aka gano zinariya a Jado, daga bisani kuma a Cibarakaten, can kusa da iyakar Aljeriya cikin jihar Agadas, dubban samari suka bar garuruwansu suka tafi neman arziki. Wuri ne mai wuyar zama, ruwan sha ma sai motoci sun yi jigilarsa daga nesa. Mutumin da ya wuni cikin rami yana fasa dutse, in dare ya yi ba ya da abokin hira da ya wuce wayarsa ta salula. Don haka babu mai ganin laifinsa idan ya je rumfar mai cajin waya ya biya aka cika masa katin waya da waƙoƙin Ɗan Maraya, da jitar Abzinawa, da wa'azi.

Wannan hanya tana da amfaninta. Waƙoƙin da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008 ta haka suka ratsa Sahara, daga waya zuwa waya, har ɗaya daga cikinsu ta shiga faifan Music from Saharan Cellphones da aka fitar a Amurka a 2011. Ko da yake mai rumfa ne ke karɓar kuɗin, mawaƙi bai ga ko dala ba, wannan magana ce da ta shafi ofishin kare haƙƙin masu fasaha, wato BNDA, da dokar ranar 23 ga Disamba 2010.

Abin da ya fi gaggawa shi ne wayar kanta. Mai haƙar zinariya yakan bar ta a hannun wani awa ɗaya ko biyu, ba makulli, ya tafi sha'aninsa. A cikinta akwai lambar mahaifiyarsa, da ta matarsa, da ta mai sayen zinariyarsa, da saƙonnin gidan aika kuɗi masu nuna nawa ya aika, yaushe, kuma ga wa. Mafi yawan masu rumfuna mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu. Amma azzalumi guda ya isa, domin kwafe waɗannan lambobi bai ɗaukar lokacin da zuba waƙa goma ke ɗauka.

Haka nan kuma wasu na roƙon a saka musu manhajar da ke bayyana sunan mai baƙuwar lamba, irin Truecaller, wadda aka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin a 2009. Ya kamata jama'a su san inda irin waɗannan manhajoji ke samo sunaye: da yawansu daga jerin lambobin masu amfani da su suke fitowa. Wanda ya yarda a karanta jerinsa ya ba da sunayen mutanen da ba a shawarce su ba. Sunan da ke fitowa kuwa ba shaida ba ne, abin da wani ya rubuta ne kawai, kuma maƙaryaci na iya raɗa wa kansa “likita” ko “jandarma”.

Masu cewa a daina amsa baƙuwar lamba ba su san halin da iyalan masu haƙa ke ciki ba. Tsohuwar da ɗanta ke Cibarakaten ba ta iya ƙin ɗauka, domin sau da yawa da wayar aro yake kira, ko da Thuraya mai aiki da tauraron ɗan Adam. Macuci ya san haka. Idan ya sami sunan ɗan da lambar uwar, ya ishe shi ya ce rami ya rufta, a aiko da kuɗin magani kafin la'asar. Wa zai tsaya bincike a irin wannan lokaci?

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. Wanda ya iya lissafi yana iya karanta farkon lamba: 227 Nijar ce, 213 Aljeriya, 218 Libiya, 235 Cadi, 234 Nijeriya, lambar Thuraya kuma da 88216 take farawa. Mai cewa yana asibitin Arlit alhali lambarsa ta wata ƙasa ce, dole a yi masa tambaya. Kafin matafiyi ya kama hanya, sai ya bar wa gida lambobin abokan raminsa biyu ko uku a rubuce cikin littafi, su kuma shirya wata kalma da su kaɗai suka sani. In kira ya zo, a kashe, a nemi abokan tukuna.

Hukumomi ma da nasu aikin. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai lura da ita, ga kuma ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya. Sanarwa cikin Faransanci a Yamai ba ta kai bakin rami. A yi ta da Hausa da Tamajak da Tubanci, a gidajen rediyon Agadas da Arlit da tashoshin mota, a kuma tara masu rumfunan caji a yi musu bayanin abin da doka ta hana. Shi kuwa mai son waƙa, ya cire katin ya miƙa shi kaɗai, ya riƙe wayarsa a aljihu.